Durƙuson 'Yar Fari a Woodbridge

A gidan da na tashi a Kano ba a yabon yaro yana tsaye a wurin, ɗan fari kuwa ko sunansa uba ba ya kamawa. Na zauna a Yamai, na zauna a Jidda da Kumasi, ko'ina na tarar da irin wannan kawaici. Sai a Amurka na ga uba ya manna takarda a bayan mota yana shelar ɗansa ya yi fice a makaranta. A Turancinsu ma, in ana so a yi koyi da mutum, cewa ake an ɗaga shi sama kowa ya gani.

Mu ma mun koya. Wata Asabar muka tashi daga Greenbelt zuwa walimar suna a gidan wani abokina likita a Woodbridge. 'Yata ta fari, tana shekara sha uku, ta shiga falo ta durƙusa har ƙasa ta gaida manya, yadda kakarta ta koya mata. 'Yar mai gidan tana bakin ƙofa riƙe da kofin lemo. Ita kaɗai ce ƙawar 'yata mai jin Hausa, kullum suna kan waya.

Mai gidan ya ce wa tasa, "Ke, ajiye kofin nan ki zo ki ga yadda 'ya'yan mutane suke gaisuwa." Ya juyo ga tawa. "Sake yi, 'yata, ta gani."

'Yata ta dube ni. Na san abin da take roƙo. Amma a tarbiyyarmu uba ba ya sa baki a sha'anin 'yar fari a gaban jama'a, kuma, gaskiya, daɗi ya ɗan ratsa ni. Na sunkuyar da kai. Ta sake durƙusawa. Falo ya ɗauki masha Allah, wata Hajiya 'yar Accra tana cewa, "Alhaji, ara mana ita mako guda mana." Ƙawar ta ajiye kofin ta haye sama.

A hanyar dawowa mun daɗe a cunkoso. Dab da gida 'yata ta ce da Turanci, ba ta ko kalle ni ba, "Baba, da ka ce ya isa."

Ta yi ta kiran ƙawar a makon nan, ba a ɗauka ba. Har suka gama makaranta ba su sake shiri ba. 'Yata tana durƙusa mini har yau in mu kaɗai ne a gida, amma daga ranar ba ta ƙara yi a gaban kowa ba.