Wandon Maɗaci

Ranar da mijin Turai ya rasu, masu zuwa gaisuwa suka yi ta ɓatan hanya, don tsofaffin gidajen layinsu na Unguwar Rimi kamar an tsaga kara suke: jan bulo, doguwar baranda, maɗaci a ƙofa. Malam Lawan mai farar ƙasa, ba wanda ya aike shi, ya zo da bokitinsa ya shafe gindin maɗacin ƙofarta fari fat.

"A ce musu gidan da maɗacinsa ya sa wando," in ji shi.

Bakatsine ne. Leburanci ya kawo shi Kaduna yana saurayi, ya zauna Badarawa, ya ƙare a shafen duwatsun bakin titi da gindin itatuwa. Bai taɓa kwana a gidajen nan ba, amma yana zancensu kamar gadon ubansa. Wai wanda ya shata layin ya san darajar inuwa.

Ana nan sai aka sayar da gidan da ke jikin na Turai. Sabon mai shi, Alhaji Abdulmalik, shaguna yake so. Ma'aikatansa suka yi wa bango da maɗatai alamar jan fenti, ta rusau da sara. Washegari Lawan ya bi ja da fari.

Turai, wadda yake kira Innar Firdausi da sunan 'yarta, ta leƙo daga baranda, carbi a hannu. "Malam Lawan, anya wannan ba ha'inci ba ne?"

"Haba Innar Firdausi, ni ban goge komi ba. Sutura na yi musu. Tsirara za a bar dattawa?"

Aka sake alamar sama kaɗan, ya ja wandon sama. Aka ƙara, wando ya zama riga. Masu Keke Napep suka riƙa rage gudu suna ihu, "Baba, saura hula!" Alhaji ya zo da kansa zai yi faɗa, dariya ta kuɓuce masa, ya ce zai yi shawara. Amma ma'aikatan, don haushi, suka hau kan mota suka kai jan har reshe, inda hannun tsoho ba ya kaiwa.

A bayan ɗakin Turai akwai tsanin marigayi. Tun rasuwarsa ba ta ba kowa aronsa ba, ko mai gyaran wuta sai dai ya zo da nasa. Lawan ya san da haka. Bayan la'asar ya yi sallama, ya dire bokiti, ya daɗe yana sosa ƙeya.

"Innar Firdausi, Allah ya jiƙan maigida. Ki ara mini tsaninsa. An ce saura hula."