Malam Garba Masinja da Na'urar Fakis ta Kalgo

Da an idar da sallar asuba, Malam Garba kan goge babur ɗinsa, ya ɗaure jakar fata a baya, ya biyo ofis ya karɓi saƙon ranar. Shi ne masinjan Alhaji Khalilu mai sayar da maganin dabbobi, wanda babban ofishinsa ke Gwandu, reshe kuma a Kalgo. Ni Rahamatu, ni ke buga tafireta a wurin, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

A da, in magani ya ƙare, Malam Garba ne ke shiga mota har Kaduna ya kai takardar oda, ya jira, ya dawo da kaya. Da wannan tafiya yake riƙe da gidansa. Sai masu kawo mana kaya suka aiko cewa daga yanzu wanda odarsa ta riga shiga ta fakis, na'urar da ke tura hoton takarda ta wayar tarho, shi za a fara sallama.

Alhaji ya tara mu. Ɗansa Basharu ya ce a sayo babbar na'ura a ajiye a Gwandu. Akawunmu Atiku ya ce a riƙa zuwa Birnin Kebbi ana tura saƙo a shagon masu ita. Sannan Alhaji ya ce, "Ni damuwata ɗaya. In mun sayo wagga aba, Garba mi za ya yi?"

Malam Garba ya gyara zama. "Ranka shi daɗe, kada ka dubi cikina. Bara ina bisa hanyar Kaduna rabin garken wani Bafulatani ya mutu yana jiran magani. Sayo ta."

Bai tsaya nan ba. Duk ofishin da ya shiga a Sakkwato da Birnin Kebbi sai ya tambayi wacce suke aiki da ita, sau nawa ta lalace, wa ke gyara ta. Ya dawo ya ce ƙarama mai naɗin takarda ta fi, don mai gyaranta na kusa, kuma a sa ta a Kalgo inda layin waya ya fi zama. Basharu ya yarda, ya ƙara da cewa sai an haɗa mata ƙaramin janareto. Aibinta ɗaya, rubutunta kan koɗe, sai in sake bugawa da tafireta. Haka aka yi, Malam Garba kuwa ya zauna ya koyi sarrafa ta.

Da damina ciwon huhu ya faɗa wa shanu wajen Masama. Wani makiyayi, Hamidu, ya shigo ofis ido jawur, ya ce, "Malam Garba, shanuna tari suke, biyu sun kwanta. In babu magani na ƙare." Ɗan abin da muke da shi ba zai kai ko'ina ba.

Cikin ruwan sama Malam Garba ya ɗauke ni da takardar oda zuwa Kalgo. Ya sa ta, layi ya yanke. Ya sake, ya yanke. Ina jin yana salati ƙasa-ƙasa, yana sake dannawa, har takardar ta wuce. Muka zauna jiran amsa. Can na'urar ta yi ƙara, amsa ta fito a hankali: an karɓa, kaya na cikin motar gobe.

Malam Garba ya sauke numfashi, ya ce, "Alhamdu lillahi. Rahamatu, yau da ina can tasha ina jiran mota ta cika."

Da magani ya iso, shi ya bi ruga-ruga da shi tare da malamin dabbobi. Hamidu ya rasa waɗancan biyun, sauran garken ya tashi. Daga nan rabon magani a rugage ya zama aikinsa, har wannan shekara da gwiwa ta ce ya huta.

Malam Garba, kai ne ka ba da shawarar da ka san tana iya cinye abincinka, ba ka kuma yi ta da rabin zuciya ba. Na kowa, mai sauƙin kai, mun gode. Allah Ya sa ka huta lafiya, Ya albarkaci zuriyarka. Mu da muka rage a bakin aiki, duk ranar da aka nemi shawararmu a kan abin da ya taɓa tuwonmu, mu faɗi gaskiya kamar yadda Malam Garba ya faɗa.