Ranar da Na Kira Gwaggona Mayya

A lokacin shekarata ashirin da tara, ina ɗinki a wani ɗan shago a unguwar Banikanni cikin Parakou, ina da miji da ɗiya ɗaya 'yar shekara uku. A majami'armu ni ke ba da waƙa a zumuntar mata, ba na fashin sujada, kuma a raina ina ganin Shaiɗan ba shi da ƙofar da zai shigo mini. Uwata ta rasu tun ina goye. Gwaggona ce ta raine ni a Djougou, ita ta koya mini addu'a tun ban iya ɗaura zane ba.

Sai ɗiyata ta fara ciwo. Yau zazzaɓi, gobe hannu da ƙafa sun kumbura tana ta ihu, ya lafa ya dawo. Wata mai kawo mini ɗinki ta ce ai wannan ba na asibiti ba ne, ta kai ni wurin wani mutum a bayan gari mai kiran kansa annabi. Da sunan Yesu ya buɗe baki, shi ya sa ban yi shakkarsa ba. Ya tambaye ni ko a danginmu akwai tsohuwar da ba ta taɓa haihuwa ba, na ce gwaggona. Ya ce to ita ke cin kurwar yarinyar. Ni da bakina na miƙa masa amsar, amma tsoro ya rufe mini ido.

Daga nan na daina ɗaga wayarta. Doyar da ta aiko mana daga Kolokondé kusa da Djougou na kwashe na zubar a bola. Mijina ya yi faɗa, matar fasto ta zo har shago ta yi mini nasiha, na ce dukansu ba su da idon ruhu. Na bar zuwa majami'a. Addu'ata ta koma tsinuwa, kullum ina roƙon wuta ta sauka a kan matar da ta goya ni. Da shirun ya ishe ta, ta shigo mota ta zo Parakou. Na tare ƙofa, ko ruwa ban ba ta ba, na ce mata a gaban maƙwabta ta sakar mini ɗiya, mayya. Ta ce Allah ya ba yarinya lafiya, ta hau babur ta koma tasha.

Bayan sati biyu yarinyar ta suma. Mijina bai nemi shawarata ba, ya ɗauke ta sai asibiti. Awon jini ya nuna sikila ce, kuma daga jinina da na ubanta ta gaje ta. Mijina ne ya kira gwaggo. Washegari sai ga ta da kwanon kunu, ta zauna bakin gadon kwana takwas. Na durƙusa na kama ƙafarta. Ta ɗaga ni, ta ce kalmar mayya ta yi mata zafi, amma abin da ya sa ta kuka shi ne jin na bar gidan Ubangiji.

Na koma majami'a, na tsaya gaban matan zumunta na faɗi abin da na yi ba tare da na rage ba. Ɗiyata yanzu tana makaranta, muna bin dokar likita, ina kuma da tabbacin Ubangiji ya gafarta mini.

'Yan'uwa, harin Shaiɗan gaskiya ne, amma ba inda nake dubawa ya biyo ba. Maƙiyi bai ce mini in bar addu'a ba, cewa ya yi in ci gaba da ita da ƙiyayya a ciki. Duk wanda ya raba ku da ikilisiyarku, ya sa kuka tsani naku, ku gwada maganarsa da Maganar Allah kafin ku ce amin, ko da sunan wa ya fara.