Ranar da Awaki Suka Cinye Karatun Lamidi

Shekara ashirin da takwas ke nan da muka kai Lamidi makwancinsa, kuma har yau ban taɓa faɗa wa kowa abin da na yi masa ba. Waɗanda suka san zancen duk sun ƙare. Ni ma ga tsufa ya kama ni, shi ya sa na ga gara in faɗa da bakina.

Lamidi ɗa ne ga Alhaji Salami, wani Bayarabe mai fataucin goro da ya zauna a Fagge tun kafin a haife mu. Katanga ce kawai tsakanin gidansu da namu. Tare muka yi karatun allo a zauren mahaifina, tare muka yi boko, tare kuma muka zauna jarrabawar shiga jami'a, 'yan shekaru kafin samun mulkin kai. Shi ya ci, ya tafi Badun. Ni na faɗi, na zama akawu a wani kanti a Sabon Gari. Na raka shi tashar jirgin ƙasa ina dariya, zuciyata kuwa tana tafasa.

Alhaji Salami ya riga ya baza wa duk Fagge cewa ɗansa likita zai zama. Alhali ilimin tsirrai Lamidi ya zaɓa, ya kuma ɓoye wa mahaifinsa, da niyyar sai karatun ya kankama ya sanar da shi. Ni kaɗai ya gaya wa.

Da ya dawo hutun damina, ya zo da wani ƙaramin madubin likita da malaminsu ya ara masa, da babban akwati. Cikin akwatin ganyaye ne da furanni, ya busar da su a tsakanin tsofaffin jaridu, kowanne da sunansa da Hausa da Yarabanci da kuma wani dogon suna na littafi. Ya ɓare fatar albasa ya ɗora a kan gilashi, ya ce, "Tijjani, zo ka gani." Na leƙa, sai ga ƙananan ɗakuna jere kamar tubalin gini. Ya yanko karan dawa siriri da reza, ya nuna mini hanyoyin da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye. Ya ce burinsa ya rubuta duk tsiron da ke ƙasar Kano, tun daga rimi har tafasa. Na ga abin da ya gani, ya kuma burge ni. Ba zan iya cewa jahilci ne ya sa ni ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, dattawa suka taru a zauren Alhaji Salami, mu kuma muna rakuɓe a gefe. Mai gidan yana ta yabon madubin nan, wai ɗansa har ya fara zuwa gida da kayan aiki. Wani ya tambaya yaushe Lamidi zai fara yi wa mutane allura. Babu wanda ya sako ni cikin maganar. Na ce, "Baba, ai allurar Lamidi sai dai ya yi wa albasa. Ciyawa yake karantawa."

Zauren ya ɗauki dariya, ban da mai gidan. Ya yi wa ɗansa tambaya ɗaya da Yarabanci, Lamidi ya sunkuyar da kai. Sai mahaifin ya tashi da kansa ya jawo akwatin, ya zazzage shi a ƙofar gida, inda awakin unguwa ke kwance a inuwa. Aikin shekara guda ne. Awakin suka taso suka hau ci, har da jaridun. Alhaji Salami ya koma Hausa don kowa ya ji, ya ce, "Ga ɗalibanka nan sun iso. Koya musu."

Lamidi bai tsinci ko ganye ɗaya ba. Bai dubi mahaifinsa ba. Ni ya duba.

Bai sake komawa Badun ba. Aka mayar da madubin, aka zaunar da shi a rumfar goro a kasuwar Sabon Gari, aka kuma laƙaba masa suna Likitan Albasa, sunan da ya bi shi har ya yi furfura. Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce. Ni dai tawa ba ta zama taki ba, ƙone shukar ta yi. A rumfar babu wanda ya kai shi iya adana goro: da ya taɓa ganyen da aka rufe huhun goro da shi ya san ko sankara, cutar da ke lalata goro, ta shiga. Mahaifinsa ya riƙa cewa albarkar biyayya ce. Ni kuwa in mun haɗu, gaisuwar baƙo Lamidi yake yi mini, cikakkiya, babu abin da za ka kama.

Yanzu nakan tambayi kaina me zai ce in ya ga garin. Daga Bata har titin Ibrahim Taiwo, manyan itatuwan da muka sani an sare su, sai shaguna da kwalta. Jikata Habiba tana ajin farko a jami'a, kuma ilimin tsirrai take karantawa, ubanta yana ta alfahari da ita a gaban mutane. Kwanan baya ta yi mini ƙorafi cewa ta ɗebo wasu ganyaye a ƙauye, ta rasa mai gaya mata sunansu na Hausa, don tsofaffin da suka sani sun mutu. Na san wanda ya soma rubuta su. Ko zai yi murna da Habiba, ko kuwa zai ga an ba jikar Tijjani abin da aka ƙwace masa? Ban sani ba, kuma ba ni da bakin tambaya.

Sau ɗaya na nemi gafararsa, a asibiti, kwana uku kafin rasuwarsa. Na zauna a bakin gado na ce, "Lamidi, ka yafe mini." Ya dube ni, sannan ya ce, "Na yafe wa Baba tuntuni, shi bai san abin da ya zubar ba. Kai ka leƙa ka gani." Ya juya fuskarsa bango. Na jira har aka ce masu dubiya su fita.

Me ya rage na Lamidi? Bai bar littafi ba, bai bar takardar shaida ba. Rumfar an rushe ta. 'Ya'yansa sun san shi a matsayin mutum mai gaskiya wanda ba ya yawan magana, ba su san ya taɓa zama mai surutu ba, wanda zai tsayar da kai a hanya don ya nuna maka fure. Wancan Lamidin ni kaɗai nake riƙe da shi, ni da na kashe shi tun shekaru da dama kafin ajalinsa.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Masu karatu, ku yi masa addu'a, taku za ta fi tawa tsarki. Ni kuwa akwai sauran zama ɗaya tsakanina da shi, kuma a can ba za a ce masu dubiya su fita ba.