Mota Mai Kujera Biyu

Shekara talatin da wani abu na yi ina tuƙi a hanyar Kaura Namoda zuwa Shinkafi, kuma ban taɓa shiga mota ni kaɗai ba sai da na tsufa. Ko bayan na bar sana'ar na sayar da motocin haya, tsohuwar motata mai dogon baya ba ta huta ba. A unguwarmu motar mutum ta kowa ce. Suna, jana'iza, mai naƙuda, akuyar da za a kai wa surukai, duk ƙofar gidana ake bugawa. Ka fito za ka tasha sayen goro, kafin ka sha kwana mutum huɗu sun ɗaga hannu: "Alhaji, rage muna hanya." In ka wuce su, kafin la'asar labarinka ya kai masallaci.

Mutum biyu ne kawai ban taɓa jin nauyin ɗaukarsu ba. Ɗaya tela ne, ɗan siriri, bakinsa ba ya shiru. Ɗaya dillalin shanu, ƙaton mutum, magana sai an matsa masa. Kowace Alhamis mu uku muke zuwa kasuwar Shinkafi. Tela ya sayi zare da yadi, mai shanu ya ɓace cikin garke, ni kuwa ba na sayen komai, tafiyar ce abin so. In za mu tafi tela ne a kujerar gaba, in za mu dawo mai shanu ne. Ba wanda ya taɓa tsara haka da baki, amma ba a taɓa saɓawa ba.

Ranar da ciwon uwargidana ya tashi, motar ba ta gida. Na ba wani maƙwabci aro ya ɗauko geronsa daga Birnin Tsaba, can wajen Zurmi. A babur mai ƙafa uku na kai ta asibiti, ina riƙe da kanta kada ya bugi ƙarfe. Kwana tara ta yi ta rasu. Likita ya ce ko da jirgi na kawo ta ba abin da zai canja, na kuma yarda kwana ne ya ƙare. Amma zuciyata ba ta bar zancen geron nan ba. 'Ya'ya suka yi zaman makoki suka koma Gusau da Kaduna, gida ya yi mini faɗi, na zauna ina ta tafasa ni kaɗai. Na rantse sai na sayi motar da ba mai iya cewa in ba shi aro.

Wani dillalin motoci ya ji labari, ya kira ni. Yana da motoci 'yan Kwatano guda biyu da aka sa shi ya kawo wa wasu samari, suka fasa. Dukansu gajeru ne, kusan suna shafar ƙasa. Ɗaya baƙa, ƙofa biyu, rufinta na ƙarfe, a bayanta akwai wata 'yar kujera matsattsa wadda sai ka kwantar da ta gaba za ka shiga. Ɗaya ja, kujera biyu cak, rufinta na tanti, ka danna maɓalli ya naɗe baya ka ga sama.

Na tafi da abokaina mu duba. Mai shanu ya zagaya su yana taɓa taya da sandarsa kamar mai duba ƙafar sa. Tela kuwa ya kwantar da kujerar baƙar ya kutsa baya, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa, hularsa ta lanƙwashe a rufi. Yana dariya ya leƙo.

"Alhaji, wagga ta ishe mu. Ni dai ka sanni, ko cikin buhu ina shiga. Bar ma ƙaton ga gaba, zuwa da dawowa, na yahe."

Na ji shi sarai. Amma idona na kan wannan 'yar kujera, ina ganin buhun gero a kanta, ina ganin akuya. Duk inda aka bar tafin hannu na wuri, mutanenmu sai sun cusa wani abu. Na ce wa dillali jar nake so, na bar masa tsohuwar motata na yi ciko.

"Mu ukku muke hwa," in ji tela, dariyar ta ɗan rage.

"Ai da sauƙi, Malam," na ce. "Wanga mako kai, mako na gaba shi."

Ni da na shekara sittin da ɗoriya a garin nan, ban san yadda aka yi wannan maganar ta fito daga bakina ba. Lissafin direban haya na yi musu, kujera da fasinja.

Alhamis ta farko na naɗe rufi, na tsaya ƙofar shagon tela. Ya fito da almakashi a hannu, ya yaba motar sosai, ya shafa kujerar, sannan ya ce, "Ɗauki Alhaji mai shanu, shi na babba. Ni aiki ya yi mani yawa yau." Na wuce gidan mai shanu. Ya ce, "Ka tahi da Malam, shi ka da sayayya. Ƙahwata na ciwo." Na koma wa tela, ya sake turo ni. Sau uku ina kai da kawowa tsakanin gidajen nan biyu, har hantsi ya yi. Kara ce, kuma na san ta: ba wanda zai yarda a gan shi zaune a gefena alhali ɗan'uwansa yana gida. Haushi ya kama ni, na taka mota na tafi ni kaɗai.

Tun kafin in bar gari iska ta cire mini hula. Babbar rigata ta cika ta kumbura, ramukan hanya suna dukan cikin motar ina jin su a haƙorana. Ba wanda ya ɗaga mini hannu. Mutanen da ke tsaye bakin titi sukan fara ɗagawa, su ga ba wuri, su mayar da hannun su gaishe ni. Abin da na nema ke nan, na kuma samu. Abin da ban yi tunani ba shi ne, mota marar rufi ba ta ɓoye komai. Duk wanda na wuce yana ganin tsoho da furfura, yana ganin kujerar gefensa ba kowa.

A Shinkafi na zauna a rumfar mai shayin da muka saba. Ya kawo kofi uku bisa sabo, ya dube ni, ya mayar da biyu. Ban yi awa ɗaya ba na juyo.

Makonni suka yi ta wucewa haka. Muna haɗuwa a masallaci, mu gaisa lafiya lau, ba wanda ya taɓa yi mini gori. Sai na ji sun fara zuwa kasuwa a motar haya, su biyu, a matse cikin mutane da kaji. Hanyar ma ta ƙara zama abin tsoro, sai da rana tsaka ake bi, a jere. 'Ya'yana suka yi ta waya cewa jar mota buɗaɗɗiya tana jawo ido, in daina fita da ita. Na rufe ta da tampol a zaure. Sau da yawa na yi niyyar in mayar wa dillali in karɓo baƙar, amma girman kai ya hana ni, don hakan na nufin in je gaban tela in ce shi ne da gaskiya. Kullum sai in ce bari damina ta wuce. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai a lokacin, har nakan ji marmarin a buga mini ƙofa a ce akuya za a kai.

Damina ba ta wuce ba tela ya kwanta. Zazzaɓi ne na kwana biyar. Ranar da za a kai shi asibiti a kwance yake, matarsa za ta bi shi, motata ba ta da amfanin komai. Ta wani maƙwabci aka aro. Ba a dawo da shi da rai ba.

Alhamis ta biyu bayan addu'ar bakwai, na ji sallama da safe. Mai shanu ne tsaye da sandarsa, ya sa rigar kasuwa. Bai ce mini zo mu tafi ba, ya dai dubi tampol ɗin. Na yaye shi, na goge ƙura da hannun rigata, na buɗe masa ƙofa. Da ƙyar ya sauke jikinsa cikin kujerar, ya aje sandar tsakanin ƙafafunsa, yana kallon gaba.

Na sa makulli ke nan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "To, Alhaji. Ga shi mun koma daidai motarka."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Na riƙe sitiyari, na kasa murɗa makullin, muka zauna a zauren mu biyu.