Allon da Na Goge

A ajina aka kafa rumfar zaɓen unguwarmu ta Kabalaye, kuma da yake ni ce malamar ajin, sai aka ba ni aikin rubutu. Kawuna, mai sayar da takalman gwanjo a kasuwar Dembé, shekara da shekaru rabonsa da layin zaɓe. Ranar nan ya zo har da abokansa. "Tunda 'yata ce ke riƙe da alƙalami, ba mai cutar mu," in ji shi.

A gaban kowa muka ƙirga ƙuri'u. Na rubuta sakamakon a allo, na kwafe a takarda, muka sa hannu, aka tafi da ita. An hana ɗaukar hoto. Kafin mutane su gama watsewa, hannuna ya yi abin da ya saba kullum in an tashi daga makaranta: na ɗauki tsumma na goge allon tas. Wallahi ban san na yi ba sai da na ga farin alli a mayafina.

Da rediyo ya faɗi sakamako, a dunƙule ya faɗe shi. Babu na unguwa, balle na rumfa. Mutanenmu suka ce sam bai yi kama da abin da suka gani ba, sai aka tuno da wadda ta goge allo. Wai an saye ni. Ni da ko babur ban mallaka ba!

Na yi ta sintiri ofis-ofis ina roƙon a nuna min layin rumfarmu kawai. Wannan ya ce in dawo gobe, wancan ya ce takardu sun wuce sama. Har yau ban san ko an taɓa ƙuri'unmu ko ba a taɓa ba, kuma abin yana cin raina. Da gwamnati na manna sakamakon kowace rumfa a fili, a tsari ɗaya, da minti biyar ya ishe ni wanke kaina.

Na bi Kawu har Dembé.

"Kawu, na rantse da Allah gaskiya na rubuta."

Bai ɗago daga takalmin da yake ɗinkewa ba. "Kalas, Malama," ya ce, wato magana ta ƙare, ya zarce da Larabci irin wanda yake yi wa masu ciniki. Mu a garin nan, Larabci na kasuwa ne, Hausa kuwa ta 'yan gida ce. Daga ranar bai ƙara yi min ita ba, har ya rasu bara.