Kicin ɗin Kawu

Kawuna, yayan Innarmu, ya yi shekaru yana dafa abinci a wani ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, can Legas. Da ya dawo Tudun Wada, sai ya sa kicin ɗinmu a gaba, ɗan ɗakin da mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Ƙaramar tukunya ta shige cikin babba, ludayi da muciya suka hau ƙusa. Har katako ya buga a bakin kanta, wai kada kwano ya zame.

Abin ya ishi Inna. Ta ce, "Yaya, nan fa ƙasa ba ta motsi."

Ya dube mu, muna ta guje-guje a tsakar gida, ya ce, "Yaranki suna yi."

Tun daga ranar ba ta sake share fasasshen tangaran ba.